Fifet, Famfon Sirinji Ko Na'urar Iska: Da Me Za Ka Kai Ruwan Gwaji Kan Sensar Gano Furotin Da DNA?

Duk wanda ya ɗauki aikin bincike kan ƙananan sensoci masu gano furotin ko DNA, a Birnin Kebbi yake ko Aliero ko Gusau, zai tarar kuɗin da ke hannunsa, na TETFund ne ko na aljihu, ba za su sayi komai da komai ba. Sensar kanta da na'urar karanta ta su ke cinye kaso mafi tsoka. Ragowar ake kasawa tsakanin sinadarai da kayan auna ruwa, kuma a nan mutum kan tsaya yana juya lissafi: in tsaya a kan fifet kawai, wato ɗan abin hannun da ake ɗiban ruwa da awo, in sayi famfon sirinji, ko in haƙura har kuɗi su kai na'urar tura ruwa da matsin iska mai tsada? Mai wannan tambaya nake yi wa rubutun nan. Zan faɗi inda na karkata tun yanzu: a yankinmu zafi da kumfa da ɗaukewar wuta su ne ke yanke hukunci, sun fi lambar daidaito da kamfani ya buga a takardar talla ƙarfi nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa waɗannan sensoci ba sa yafe kuskure

Iri biyu aka fi cin karo da su. Na farko shi ne kantiliba, wani siririn harshe na silikon da aka kafe gefensa ɗaya aka bar ɗayan yana lilo. Asalinsa daga madubin ganin ƙwayar zarra ne wanda Binnig da Quate da Gerber suka ƙera a 1986. Jerin harsuna takwas da aka yi suna da shi a cibiyar IBM ta Zurich, kowane harshe tsawonsa rabin milimita ne, faɗinsa maikromita 100, kaurinsa wajen maikromita ɗaya. Ana shafa wa fuska ɗaya zinare siriri, a ɗaure mata abin kamu, antibodi (furotin garkuwar jiki mai kama abu takamaimai) ko zaren DNA. Idan abin da ake nema ya zo cikin ruwa ya manne, sai harshen ya lanƙwasa da 'yan gomomin nanomita (nanomita miliyan ɗaya ne milimita ɗaya), hasken leza ya nuna. Da irin wannan jeri aka nuna a 2000 cewa ana iya bambance zaren DNA biyu da suka saɓa a harafi ɗaya tak, a 2001 kuma wata ƙungiya a Berkeley ta gano furotin PSA mai alaƙa da kansar furostet, gaɓar maza da ke ƙarƙashin mafitsara.

Na biyu shi ne QCM, faifan dutsen kwaz da ke kaɗawa sau miliyan biyar a daƙiƙa. Nauyi ya hau kansa, kaɗawar ta ragu. Lissafin Sauerbrey na 1959 ya ba da cewa a irin wannan faifai, raguwar haz ɗaya, wato kaɗawa ɗaya a daƙiƙa, daidai take da nanogiram 17.7 a kan kowane murabba'in santimita. Shimfiɗar furotin guda takan ba da 'yan gomomin haz ne kawai.

To ga inda matsalar take. Zinare da silikon ba sa buɗewa daidai idan zafi ya ƙaru, saboda haka digiri ɗaya na iya lanƙwasa harshen da na bayyana da wajen nanomita 100, wato fiye da alamar da kake nema. Faifan kwaz kuwa, tsoma shi cikin ruwa kawai na sauke shi da wajen haz 700, kuma tun da kaurin ruwa na raguwa da kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri, canjin digiri ɗaya na motsa karatun da haz 7 zuwa 8. Ƙwayar kumfa ɗaya ta zauna a kan faifan ko ta gitta wa hasken leza, aikin wunin ya tashi a banza. Sensar ba ta san bambanci tsakanin furotin da ya manne da ruwa mai sanyi da ya bugo ta ba. Abin da ke kai mata ruwan shi ke da alhakin raba mata su.

Ma'aunan da za ka ɗora kowane zaɓi a kai

Na farko santsin gudu: ruwan yana tafiya ne a hankali ba tare da bugu ba, ko yana zuwa da tsalle? Na biyu yawan samfurin da za ka yi asara a hanya. Wannan mutane sun fi rainawa. Tiyo mai faɗin ciki rabin milimita yana riƙe maikrolita 196 a kowace mita (maikrolita dubu ce mililita ɗaya). Mai milimita ɗaya, 785. Mai kwatar milimita, 49. Idan antibodin da ka sayo daga waje maikrolita 200 ne duka-duka, mita ɗaya ta tiyo mai rabin milimita ta kusa shanye shi kafin ɗigo ya isa sensa. Na uku haɗarin kumfa. Na huɗu juriya ga zafin bazara, ƙurar hunturu da wutar da ke zuwa tana tafiya. Sai farashi, tare da abin da za ka riƙa saye bayan sayen farko da kuma inda za a gyara in ya lalace. Na ƙarshe sauƙin koyo, domin ɗalibin da zai gaje ka a ɗakin gwaji shi ma zai taɓa kayan.

Farashin da zan ambata da dala ne, a kan kintace mai faɗi, domin na naira ba ya kwana wuri ɗaya, kuma kuɗin jirgi da na kwastan sukan ɗora kaso mai nauyi a kai.

Fifet na hannu da ɗakin awo a buɗe

Wannan shi ne mafari, kuma ko wane famfo ka saya ba za ka rabu da shi ba, domin da shi ake haɗa ruwan bofa, wato ruwan gishirin da ake narkar da furotin ko DNA a ciki, a tsinka samfur. Heinrich Schnitger ya ƙirƙiro shi a Marburg ta Jamus a 1957, kamfanin Eppendorf ya fitar da shi kasuwa a farkon shekarun 1960. Masu araha na Sin sukan kama daga 'yan gomomin dala, na Eppendorf ko Gilson kuwa 'yan ɗaruruwa ne kowane ɗaya. Dillalan kayan ɗakin gwaji na Kano da Legas suna kawo duka biyun, haka ma bakunan roba da ake sa musu.

Wajen daidaito yana da ƙa'idar duniya, ISO 8655. Fifet mai maikrolita 1000 an yarda masa kuskuren maikrolita 8, mai 100 an yarda masa 0.8, mai 10 kuma 0.12. Ka lura cewa maikrolita takwas ɗin nan ba ta raguwa don ka juya lambar ƙasa. Ka ɗebi 100 da babban fifet, kuskuren da aka halatta ya zama kashi 8 cikin 100. Shi ya sa saye uku masu girma daban-daban ya fi saye ɗaya mai tsada. Gwada lafiyarsa ba wuya: maikrolita ɗaya ta tsabtataccen ruwa nauyinta kusan miligiram ɗaya ne, sai ka ɗiga sau goma a kan sikeli mai kyau ka ga ko lambobin sun taru wuri guda. Sai dai ƙa'idar na son ɗaki mai laima wajen kashi 50 cikin 100, mu kuwa a watan Janairu iskar Gusau da Birnin Kebbi a bushe take ƙayau. Ɗigon yana ƙafewa tun yana kan sikelin. Ka ajiye ƙaramin mazubi da ruwa a cikin akwatin sikelin, ka jiƙa bakin robar sau uku zuwa biyar kafin ɗiban gaske.

Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan muhimmancin awon ɗigo. Lokacin gubar dalma ta 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara fiye da 400, na'urar LeadCare II da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka auna gubar da ita maikrolita 50 ta jini take karɓa, kuma iyakar karatunta maikrogiram 65 ne a desilita. Jinin yara da yawa ya zarce haka, dole aka riƙa tsinka shi kafin a samu lamba. Waccan na'ura da lantarki take ganowa, ba da motsi ba, amma darasin ɗaya ne: duk kuskuren da aka yi wajen ɗiba, ninka shi ake yi a sakamako, kuma a kan sakamakon ake ba yaro magani.

Inda fifet ya gaza shi ne lokacin da ka ce shi kaɗai zai kai samfur kan sensar. Ka ɗiga ruwa cikin ɗakin awo, wato ɗan mazubin da sensar ke zaune a ciki, yana buɗe, bugun ɗigon da bambancin zafinsa za su girgiza karatu na mintuna da yawa, daidai lokacin da mannewar farko ke faruwa. Bayan nan ruwan ya tsaya cik, furotin sai ya yi ta rarrafe da kansa zuwa fuskar sensar, kuma furotin mai matsakaicin girma kan ɗauki kusan awa uku kafin ya ratsa milimita ɗaya ta tsayayyen ruwa. Cikin waɗannan awoyi ruwan na ƙafewa, gishirin bofa na ƙaruwa, layin karatu na zamewa. Za ka iya cewa abu ya manne ko bai manne ba. Saurin mannewa da saurin sakinsa kuwa, ba za ka samu lambar da za ka kare a gaban malaman jarrabawa ba. Akwai masu tsoma sensar a samfur, su wanke, su busar, sannan su auna a iska. Hanya ce mai araha da ke kauce wa matsalar ruwa gaba ɗaya, amma gishirin da ya bushe a kai shi ma nauyi ne, kuma furotin da ya bushe ba lallai ya kasance yadda yake a jiki ba.

Gangarowa daga kwalbar da aka rataye

Ka ɗaga kwalba sama da ɗakin awo, ka bar nauyin ruwa ya tura kansa. Kowane santimita 10 na tsayi yana ba da matsin kusan kilofaskal ɗaya. Ba inji, ba wuta, ba bugu ko kaɗan, don haka a santsi ba abin da ya kai shi sai na'urar iska. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Har robar ƙarin ruwa ta asibiti wasu ke gwadawa: ta manya ɗigo 20 ne mililita ɗaya, ta yara ɗigo 60, wato kowane ɗigo wajen maikrolita 17, sai ka ƙirga ɗigo a minti ka san gudunka. Amma tiyonta yana da faɗi, yana cin samfur, kuma ɗan tayar da ake murzawa don rage gudu ba ya zama inda aka bar shi. Gara ka sayi siririn tiyo na robar PTFE (Teflon) ka bar tsawonsa ya ƙayyade gudun. Ka tuna cewa raba faɗin tiyo biyu na ninka turjiyarsa sau 16.

Aibinsa biyu. Ruwa na raguwa a kwalba, gudu na raguwa. Ana magance wannan da kwalba mai faɗin baki ko kwalbar Mariotte, wadda ake sa wa bututun shigar iska har kusa da gindi. Na biyun ya fi shafarmu: gudun ya dogara da kaurin ruwa. Tsakanin digiri 25 da safe da digiri 35 da rana, ruwa ɗaya a tiyo ɗaya zai ƙara sauri da wajen kashi 24 cikin 100. A ɗakin da na'urar sanyaya wuri ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, gwajin safe da na la'asar ba za su zama abu ɗaya ba.

Famfon sirinji

A nan zan daɗe, domin shi nake ganin ya fi dacewa da yawancinmu. Ƙaramar motar lantarki ce mai juyawa taki-taki, tana juya doguwar ƙusa mai zare, ƙusar tana tura hannun sirinji ko tana jan sa. Ka gaya masa faɗin cikin sirinjin da gudun da kake so, shi ke nan. Abin da ya fifita shi a wurinmu shi ne ƙayyadadden awo yake turawa ko ruwan ya yi kauri ko ya tsinke, saboda haka zafin rana ba ya canza maka gudu yadda yake yi wa kwalbar rataye. Ƙananan na kamfanin New Era 'yan ɗaruruwan dala ne, na Harvard Apparatus da makamantansu sukan kai dubbai. Wuta kaɗan yake ci, ƙaramar inbata ko batirin sola ya riƙe shi wuni guda. Sirinjin roba kuwa kowane kemis yana da shi.

Sirrin aiki da shi yana cikin zaɓen sirinji. Sirinjin mililita 10 faɗin cikinsa wajen milimita 14.5 ne, na mililita ɗaya wajen 4.7. Taki ɗaya na motar yana fitar da ruwa wajen ninki tara da rabi a babban fiye da ƙaramin, don haka a gudu kaɗan babban sirinji bugu-bugu yake kawo ruwa, kantiliba kuma zai nuna maka kowane bugu. Ƙaramin ya fi santsi amma yana saurin ƙarewa: a maikrolita 50 a minti, na mililita ɗaya minti 20 zai yi, na mililita biyar minti 100. Ka lissafa tsawon gwajinka, ka ɗauki mafi ƙanƙantar da zai kai ka ƙarshe. Kuma kada ka yarda da faɗin da ke cikin jerin famfon idan sirinjinka na wani kamfani ne daban. Ka auna, ko ka tara ruwan minti goma ka ɗora a sikeli. Kuskuren kashi 5 a faɗi yana zama kusan kashi 10 a gudu. Sirinjin roba yana ɗan buɗewa in an matsa masa, baƙar robar da ke bakin hannunsa kuma takan maƙale ta saki, shi ya sa in ka sauya gudu yakan ɗauki lokaci kafin ya daidaita. Na gilashi irin na Hamilton ya rage wannan sosai, sai dai tsada da saurin fashewa.

Shawarar da na fi ba da ƙarfi a kai: ka sayi famfon da ke iya ja, ba turawa kawai ba, ka ajiye shi bayan ɗakin awo. Samfur yana zaune a ƙaramar kwalbarsa, gajeren tiyo ya ɗauko shi zuwa sensa, sirinjin ya zama wurin tara dattin ruwa. Ta haka furotin mai tsada ba ya shiga sirinji ya manne a bango, kuma tiyon da ke gaban sensa santimita 10 ko 15 ya isa. Haɗarin ja shi ne yana sauke matsi a ɗakin awo, duk wata 'yar kafa za ta zuƙo iska, iskar da ta narke a ruwan ma takan fito. Ka ɗaure mahaɗai da kyau, kuma ka tsayar da famfo kafin ka ɗaga tiyo daga kwalba zuwa wata. Mai 'yan kuɗi a hannu ya ƙara da bawul mai baki shida irin na Rheodyne, wanda ke sa samfur cikin zagayayyen tiyo mai sanannen awo ya shigar da shi ba tare da an tsayar da gudu ba.

Tambayar da ake yawan yi: famfon sirinji na asibiti fa, irin wanda ake gani a ɗakin jarirai? Maikrolita 50 a minti daidai take da mililita 3 a awa, kuma yana iya wannan, ga shi da batiri a ciki. Don wanke ɗakin awo da tura bofa zai yi. Amma an gina shi ne a kan manyan sirinji, turawa kawai yake yi, kuma siririn tiyo na iya sa shi ƙarar toshewa ya tsaya a tsakiyar gwaji. Ga mai hannun ƙira kuma akwai zanen famfo da aka saki kyauta, kamar na jami'ar Michigan Tech na 2014 da ake bugawa da firinta mai fitar da siffa, da tsarin Poseidon na Caltech. Aiki ne mai kyau ga ɗalibin injiniya, amma sai an gwada shi a sikeli a kowane gudu kafin a ɗora masa sakamakon bincike.

Famfo mai matsa tiyo

Tayoyi ne ke zagayawa suna matse tiyo mai laushi suna tura ruwan gaba, kamar yadda yatsu ke bin hantsar saniya wajen tatsa. Ba ya ƙarewa a sake cikawa, ruwan ba ya taɓa komai sai tiyo, kuma shi aka saba haɗawa da na'urorin QCM na kasuwa, a gudun maikrolita 50 zuwa 200 a minti. Don gwajin awa shida ko na kwana, ko inda ake son ruwa ɗaya ya riƙa zagayowa, ya fi sirinji.

Bugu ɗabi'arsa ce, duk tayar da ta saki tiyo sai ruwan ya yi ɗan tsalle. Masu tayoyi 8 ko 12 irin na Ismatec sun rage shi sosai, amma kuɗinsu dubban dala ne. Masu araha da ke ƙasa da dala 100 yawanci tayoyi uku ko huɗu gare su. Faifan kwaz na iya haƙuri da su in famfon yana bayansa yana ja, kantiliba mai auna lanƙwasa kuwa da wuya. Tiyon yana gajiya, a zafi ya fi saurin gajiya, gudun sai ya riƙa sauka a hankali ba ka sani ba. Tiyon da ya dace da famfon ba a samun sa a kasuwar Gusau ko ta Birnin Kebbi, sai an aiko, don haka ka sayo da yawa tare da famfon, ka riƙa kwance matsewar duk lokacin da ka tashi daga aiki.

Na'urar tura ruwa da matsin iska

Kamfanonin Fluigent da Elveflow na Faransa sun shahara a kai. Ana rufe samfur a kwalba, na'ura ta sa masa iska mai ƙayyadadden matsi, ruwan ya fita sumul, kuma ta sauya gudu cikin ƙasa da daƙiƙa. A santsi da sauri ba ta da na biyu. Amma matsi take riƙewa, ba gudu ba, don haka matsalar kaurin ruwa da zafi ta dawo sai ka ƙara sayen sensar gudu da za ta riƙa gyara mata. Tana son kwamfiresa ko tukunyar gas, da matatar ƙura da laima, da kwamfuta a kunne. In an haɗa duka, kuɗin ya kai dubban dala masu yawa, in ta lalace kuma sai ta koma Turai. Iskar da ake matsawa a kan ruwan ma tana narkewa a ciki ta fito a matsayin kumfa can gaba. Ban ga dalilin da zai sa ɗakin gwajin da bai mallaki tsayayyiyar wuta da tsayayyen sanyi ba ya fara da ita.

| Zaɓi | Farashi | Santsin gudu | Haɗarin kumfa | Wuta | Juriya da gyara |
|---|---|---|---|---|---|
| Fifet kaɗai | gomomi zuwa ɗaruruwan dala | babu gudu | kaɗan | ba ya so | yana daɗewa in ana gwada shi |
| Kwalbar rataye | kaɗan ƙwarai | sosai, amma yana bin zafi | kaɗan | ba ta so | ba abin lalacewa |
| Famfon sirinji | ɗaruruwa zuwa dubbai | mai kyau da ƙaramin sirinji | matsakaici | kaɗan, batiri ya isa | mai ƙarko, sirinji na ko'ina |
| Mai matsa tiyo | ƙasa da 100 zuwa dubbai | da bugu | matsakaici | kaɗan | tiyo na ƙarewa, sai an aiko |
| Matsin iska | dubbai masu yawa | mafi kyau | matsakaici | da yawa, ba yankewa | gyara sai a waje |

Abin da ba famfon da zai yi maka

Yawancin kumfar da ake ɗora wa famfo laifinta daga firij take. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe iska. Ka ciro bofa ka sa shi kai tsaye a ɗaki mai digiri 35, yana ɗumi yana sakin iskar a cikin tiyo. Ka fito da duk ruwan gwaji awa ɗaya ko biyu kafin farawa, ka ajiye su gefen sensar, ka tace da matata mai maikromita 0.22, ka cire musu iska in kana da abin zuƙa. Tiyon silikon mai laushi iska na ratsa shi, a gaban sensa na PTFE ko na robar PEEK mai tauri ya fi. Akwatin kumfar roba irin na ajiye alluran rigakafi, in aka sa ɗakin awo da kwalabe a ciki aka rufe, yana rage hawa da saukar zafi fiye da yadda kuɗinsa ke nunawa, yana kuma tare ƙura. Janareta ya yi nisa da teburin, domin girgizarsa na bin ƙasa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, gwajin bayan asuba ya fi na azahar natsuwa. Sannan kada ka yi gwajin kantiliba ba tare da harshe na biyu da ba a sa wa abin kamu ba. Shi ke ɗauke maka tasirin zafi da gudu idan ka cire karatunsa daga na farko.

Wa ya kamata ya ɗauki me

Ɗalibin digirin farko ko na biyu da ke son nuna cewa antibodinsa ya kama, misali, furotin HRP2 na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ya sayi fifet uku masu kyau, 10 da 100 da 1000, ya haɗa da kwalbar rataye da siririn tiyo, ya zuba sauran kuɗin a sinadarai. Mai digiri na uku da ke buƙatar lambobin saurin mannewa da saki, ko duk mai aiki da kantiliba a ruwa, famfon sirinji mai ja da turawa ne nasa, da sirinjin gilashi ɗaya ko biyu, da batirin da zai riƙe shi in wuta ta tafi. In da sauran kuɗi, bawul mai baki shida kafin komai. Mai QCM da gwaje-gwajensa ke ɗaukar awoyi, ko mai bin yadda ƙwayoyin cuta ke taruwa a kan faifai dare da rana, ya nemi mai matsa tiyo mai tayoyi takwas zuwa sama, da tiyon shekara guda a ajiye. Wanda zai fita da sensa ƙauye, Bagega ko Zuru ko Argungu, ya manta da famfo, ya riƙe fifet mai tsayayyen awo ɗaya ko siraran bututun gilashi masu alama, waɗanda ba a juya musu lamba balle a yi kuskure. Na'urar iska kuwa ta cibiyar da sassa da yawa za su yi tarayya a kai ce, wadda ta riga ta kafa sola mai riƙe na'urar sanyaya ɗaki, ta kuma ware ma'aikaci guda da kula da ita ne aikinsa.